Yatsan Tabawa

Ni ne tafinta a Baga Sola,
bakin haya, ana biya na ranar Alhamis.
Hausa ta shiga ta kunne,
Faransanci ya fita ta baki,
abin da ke zubewa a tsakani
ni kaɗai na san yawansa.

Da hantsi motoci suka iso, farare shida,
kowace da eriya kamar sandar fatsa.
Biyu na hatsi, huɗu na ma'aikata.
Yara ne suka ƙirga, ban sa su ba.

Aka kafa rumfa, aka ja igiya,
aka ɗora na'ura a tebur, 'yar mitsitsiya mai jan ido.
Ka aza yatsa, in ta yi kore
ga dawa, ga wake, ga mai rabin galan.
In ta yi ja,
to, Allah ya kai mu watan gobe.

Tabawa ce ta ɗari da sha bakwai a layi.
Shekara arba'in tana banda a Doro
kafin daren da aka shigo kwalekwale ba takalmi.
Ƙaya ta ci, wuta ta lasa, kanwa ta ƙarasa,
babban yatsanta ya yi sumul kamar bayan ludayi.
Ta aza. Ja.
Ta lasa, ta goge a zane, ta aza. Ja.
Aka gwada manuni, aka gwada ɗan auta,
aka gwada goman nan kaf,
na'ura ta ce babu kowa a nan.

Ta dube ni. "Yaro, gaya musu ga ni.
Ga jikoki uku riƙe da gefen zanena.
In yatsa ya goge, ai ciki bai goge ba,
su aza abar a nan su ji."

Na juya ga mai farar hula, na ce:
"Tana roƙon a sake dubawa."
Iyakar abin da na kai ke nan.
Sauran ya faɗi tsakanin takalmana.

Kada in ɗauki alhakinsa, mutumin kirki ne.
Ya yi gumi, ya buga waya Anjamena,
Anjamena ta ce sai ta ji daga wani birni
inda ba a buɗe ofis ba tukuna.
Ya sa sunanta a wata takarda daban.
Na leƙa. Ya rubuta Tawaba.

Ran kasuwa na ga buhun da idona
a rumfar Alhaji Barma, da tuta a jikinsa
da shuɗin rubutu: ba na sayarwa ba ne.
Na karanta shi a harshe biyu.
Sefa dubu sha takwas, ba ragi.
Ban ce duka sata ba ne;
wani ya sayar don allurar ɗansa,
wani kuwa, ya san kansa,
sabon kwano na ƙyalli a kan gidansa.

Wanda ya aiko daga nesa da alheri ya aiko.
Sai dai ruwa ne a tafin hannu,
wannan ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa,
na ƙarshe ya samu danshi.

Da almuru Falmata ta ɗauki ƙwarya
ta bi bukkoki, ba littafi, ba biro.
Kowace mace dunƙule guda, wata biyu.
Kafin isha'i hayaƙi ya tashi a murhun Tabawa.

Jiya aka ba ni rahoto in karanta wa jama'a:
an kai ga kashi casa'in da takwas cikin ɗari.
Aka yi tafi.
Tana zaune a gaba, ita da sauran biyun,
ta taya su tafawa da hannun nan nata.

Yau Alhamis, an biya ni.
Da biro na sa hannu.
Ba wanda ya nemi yatsana.